Martani: Gyaran Gona Ba Nauyin Manomi Kaɗai Ba Ne

Makon jiya na karanta makalar wani ɗan'uwa marubuci, ɗan cikin gari kamata, wadda a cikinta ya nemi gwamnati ta tsame hannunta daga shirye-shiryen da ake raba nauyin gyaran gona tsakanin hukuma da manomi. Yana nufin irin tsarin nan da ake cewa manomi ya kawo kaso kaza, gwamnati ta cika saura, don a tare zaizayar ƙasa, ko a raya itatuwa, ko a farfaɗo da gonar da ta gaji. A ganinsa, tunda mai gona ne zai ci amfanin gonarsa, shi ya kamata ya gyara abarsa da guminsa, kamar yadda kakanninmu suka yi shekaru aru-aru ba su ga ko anini daga hannun hukuma ba. Ya kafa hujja da manoman Maraɗi, waɗanda ya ce sun mayar da ƙasarsu kore shar ba da tallafin kowa ba. Daga ƙarshe ya ce in ma kuɗin na nan, to a sayo takin zamani a karya farashinsa, domin shi ne ake ganin aikinsa a damina ɗaya. Sauran duk, in ji shi, kafa ce kawai da 'yan kwangila ke cika aljihu.

Malam, alƙalaminka na da daɗi, kuma a kan maganar 'yan kwangila ba zan ja da kai ba. Duk wanda ya taɓa halartar bikin dashen itace na shekara-shekara, a kafa rumfa, a gayyato 'yan jarida, babban baƙo ya tsuguna ya dasa ɗan tsiro, kafin sati biyu akuya ta yi kalaci da shi, ya san abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya. Inda muka raba gari shi ne tarihin da ka jingina maganarka a kai. Kakanninmu ba su taɓa barin manomi ya ɗauki nauyin ƙasa shi kaɗai ba. Birnin Kano yana da nasa kaso, ya kuma daɗe yana biya. A zamaninmu ne ya daina.

Mu fara daga cikin ganuwa, tunda ni da kai duk nan aka yanke mana cibiya. Ganuwar da aka soma ginawa zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su wuce rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Dattawan da ke raye yanzu ma sun riski lokacin da ake noman gero da dawa a yammacin gari, daga gindin Goron Dutse zuwa wajen Kabuga da Kansakali. To waɗannan gonaki, da na karkarar da ke kewaye, da me ake ciyar da su?

Da abin da ke fita daga gidajenmu. Kusan kowane gida a cikin gari yana da awaki ko tumaki da kaji, gidajen sarauta da na attajirai ga dawaki a barga. Kullum uwar gida ta kwashe tokar murhu, ta share tsakar gida, a kai juji. Da rani ya kama, sai masu jakuna su yi sammako daga ƙauyuka, su shigo ta Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa da Dawanau da Na'isa ɗauke da itacen girki da kara da harawa da hatsi, su sayar, su cika mangala da taki su koma. Jakin da ya shigo da kaya ba ya fita wayam. Abin da gona ta ba birni, birni ya ci ya mayar mata da ragowarsa. Haka kuma bayan kaka, mai gona ya kan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa da shanu su kwana suna zuba kashi, shi kuma ya sallame shi da damin dawa ko gero.

Wannan ba hirar zaure ba ce. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya ya dawo Jami'ar Bayero, ya soma nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960. Ya tarar ana nome fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar a kowace shekara, ba a barin saura ta huta, ga cunkoson jama'a irin wanda da wuya a samu a wata karkara a yankin nan na Afirka, amma duk da haka ƙasar ba ta mutu ba. A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta bi diddigin lamarin a ƙauyen Tumbau, ta nuna yadda harawar wake da ta gyaɗa ke shiga cikin awaki da tumaki, ta fito taki, ta koma gona, har ƙurar hunturu da muke tsinewa tana ƙara wa ƙasa ɗan sinadari. Ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo kuwa kowacce da mai ita, ana gadonta kamar yadda ake gadon gona.

Hukuma ma ba naɗe hannu ta yi ba. Wa ya keɓe hurumi a bayan gari? Wa ya hana mai gona cinye burtali? Dagaci da mai unguwa ne, da yawun Sarki. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya tanadar wa duk wanda ya sare gawo, domin an san itace ne mai kakkaɓe ganyensa da damina, ya bar wa shuka rana, ya kuma bar mata taki a gindinsa. Saboda haka, Malam, tsarin da kake yabo na kakanni, shi kansa rabon nauyi ne: manomi ya kawo jaki da ƙarfi, birni ya kawo taki, makiyayi ya kawo garke, sarauta ta kawo doka. Ba a rubuta shi a takarda ba ne kawai.

Yanzu ka leƙa jujin unguwarku. Leda ce, da ledar ruwan sha, da robar lemo, da mataccen batir, da fasasshiyar kwalba, wani lokaci har da allura. Manoma na nan suna sayen sharar gari, sai dai yanzu a tifa, kuma in an juye musu sai sun yi kwanaki suna tsince leda, wadda ta tsere musu iska ta watsa ta, akuya ta haɗiye ta kumbura. Toka ta ragu domin girki ya koma gas da gawayi, gawayin nan kuwa itace ne sukutum aka kayar a wani daji, ba reshe aka sassabo ba. Gonakin da jaki ke iya kaiwa ya dawo kafin azahar sun zama unguwanni: Rijiyar Zaki, Ɗorayi, Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, Sheka, Hotoro. Gona ta yi nisa, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, musamman tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Jakin ma ya yi tsada, saboda fataucin fatarsa zuwa ƙasar Sin, abin da ya kai Tarayyar Afirka ga haramta yanka jakuna don fata a 2024. Ga kuma tifofin yashi da ke kwasar cikin koguna dare da rana don mu buga bulo. A taƙaice, muna karɓar hatsi da gawayi da yashi daga karkara, muna aika mata leda. Mutumin da ke wannan cinikin bai kamata ya tsaya a kan mumbari yana yi wa manomi wa'azin dogaro da kai ba.

Sai maganar cewa mai gona ne kaɗai ke cin amfanin gyaran gonarsa. Da ruwan sama yana tsayawa a iyakar gona, da na yarda. Ƙasar da ruwa ya kwasa daga tudun wani a Kiru ko Ƙaraye ba ɓacewa take yi ba. Rafi za ta bi, ta faɗa kogi, ta kwanta a cikin madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ko ta Challawa, ko ta Watari. Duk laka da yashin da suka kwanta can, gurbin ruwa suka ci. Ruwan nan shi ake noman rani da shi a Kadawa da Kura, kuma daga kogunan nan matatun Tamburawa da Challawa ke ɗibar wanda ake turo mana a famfo, ranar da aka ga damar turowa. In manomi ya dasa jema ko gamba a gefen gonarsa, ya yi kunya a gicciye da gangare, ya toshe ɗan kwarin da ya fara ci, wanda zai amfana har da mai shayi a Mandawari da bai san an yi ba.

In kuwa ba a toshe ba, mun ga yadda abin ke ƙarewa, ba sai mun je nesa ba. Kwazazzabon Bulbula da Gayawa ba da wannan girman ya fara ba. Yau ya ci gidaje da hanyoyi, gyaransa ya fi ƙarfin unguwa, ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2012 da dala miliyan 500, Kano ta shiga daga baya, don irin waɗannan ramuka aka yi shi. Magajinsa, ACReSAL, an amince da shi a Disamban 2021 da dala miliyan 700, don jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. Kuɗin nan rance ne, 'ya'yanmu za su biya. Ke nan gwamnati na biya ko ta so ko ta ƙi. Zaɓin da ke gabanta shi ne ta biya wani kaso da wuri, lokacin da fartanya da buhun yashi za su wadatar, ko ta biya duka a makare, lokacin da sai an kira katafila da kankare. Abin mamaki, hanyar da kake ba da shawara ita ce ta fi yi wa ɗan kwangilar da kake kuka da shi daɗi.

Za ka ce, to in gyaran na da amfani, me ya hana manomi yi? Ba jahilci ba ne. Ya fi ni da kai sanin gonarsa; shi ne zai ce maka wannan ta gaji, waccan ta mutu, wancan gefen ƙuduji ya kama. Abin da ya hana shi lissafi ne. Kai taki, da tonon rami, da jera dutse, duk aikin rani ne, rani kuwa shi ne lokacin da majiya ƙarfin gida ke shigowa birni cin rani, su tura kurar ruwa, su yi dako a kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau, su yi leburanci, su aika abin da za a ci kafin sabon gero ya nuna. Wanda ya zauna gida gyaran gona ya yafe wannan kuɗi a bana, don amfanin da ba zai gani sosai ba sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Mai rumbu biyu zai iya jira. Wanda hatsinsa ke ƙarewa tun kafin bazara ba zai iya ba.

Akwai kuma abin da makalarka ta tsallake gaba ɗaya, wato gonar wa ake magana? Da yawa daga masu riƙe da fartanya gonar aro suke nomawa, ko ta haya, ko ta jingina. A al'ada ba a yarda wanda aka ba aro ya dasa itace ba, don kada gobe ya ce gonar tasa ce. In kuma ya dage ya cika ta da taki ta yi kyau, baɗi mai ita ya karɓe abarsa ko ya ƙara kuɗi. Su wa ke da irin waɗannan gonaki? Mu faɗi gaskiya, da yawa namu ne, 'yan birni, na gado ko waɗanda aka saya aka ajiye ana jiran gari ya iso a yanka filoti. Wanda ke jiran ranar yanka filoti ba ruwansa da ko ƙasa ta gaji.

Mu zo Maraɗi, inda ka fi ƙarfafa hujja. Gaskiya ne abin da ya faru can abin al'ajabi ne: masu bincike sun ƙiyasta cewa manoman kudancin Nijar sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta kusan miliyan 5, ta hanyar da suke kira sassaben zamani, wato maimakon a ƙone kututture a tumɓuke toho, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran, har su zama itace. Amma ka ba da rabin labari. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan a Maraɗi a lokacin, ya fara kiran mutane ga wannan hanya a 1983, kuma da farko 'yan kaɗan ne suka saurare shi, ana yi musu dariya wai gonarsu ta yi ƙazanta. Abin bai bazu ba sai da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa shi da shirin aiki a biya da abinci a ƙauyuka wajen ɗari. Aka raya itatuwa kimanin 500,000. Da abincin ya ƙare, kamar yadda shi Rinaudo ya sha faɗa, mutane suka sare wajen kashi biyu cikin uku.

Na san za ka ce, ka gani ko? Na gani. Wannan shaida ce cewa in ka biya mutum ya yi abin da bai yarda da shi ba, ranar da ka daina biya zai warware. Amma ka dubi kashi ɗayan da ya tsira. Waɗanda suka bar nasu suka fara samun itacen girki da na sayarwa da abincin dabbobi, iska ta daina binne musu shuka da rairayi, maƙwabta suka gani da idonsu, daga nan abin ya riƙa tafiya da ƙafarsa. Ba don tallafin farko ba, da babu gonar da za a nuna wa mai shakka. Sannan gwamnatin Nijar ta kawo nata kaso ta wata fuskar: a da, itacen da ke gonarka na hukuma ne, ma'aikacin gandun daji na iya cin tararka in ka sare reshe, shi ya sa mutane suka gwammace kada ma ya tsiro. Da aka sassauta wannan riƙo, aka zo da dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004, manomi ya samu natsuwar cewa abin da ya raya nasa ne. Haka tassa, ramukan nan da ake tonawa a fako a zuba taki: manoman Illela ta jihar Tawa sun gano ta ne a Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, kuma wani shiri na hukuma da asusun IFAD ne ya ɗauki nauyin tafiyar.

Bari ma in ara maka hujjar da ta fi taka ƙarfi. Wasu masana tattalin arziki biyu, Jenny Aker da Kelsey Jack, sun yi gwaji a ƙauyuka 180 na jihar Damagaram a kan tonon rabin wata, ramin nan mai siffar jinjirin wata da ke tare ruwa a ƙeƙasasshiyar ƙasa. Wasu ƙauyuka aka ba su horo kaɗai, wasu horo da kuɗi. Sakamakon ya nuna horon kaɗai ya sa fiye da kashi 90 cikin 100 na manoman sun tona, kuɗin kuwa bai ƙara wani abin a zo a gani mai ɗorewa ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma ya kamata masu tsara shirye-shiryenmu su karanta shi. Sai dai wa ya biya mai horon? Wa ya zuba masa mai a babur? Malamin gona shi ne kaso na farko da ake bin gwamnati. Hukumar raya aikin gona ta KNARDA da aka kafa a farkon shekarun 1980 da tallafin Bankin Duniya, suna ta yi ne da malaman gona masu shiga lungu da saƙo. Darasin Nijar shi ne a bambance: abin da ilimi da fartanya za su iya, a kai ilimi, abin da sai da kuɗi, kamar ragar waya da dutse na toshe kwari, ko shingen da zai kare dashe daga dabbobi, ko motar kai taki, a raba nauyi.

Game da takin zamani, ba ni da gaba da shi, ƙasarmu ma ƙarancinsa take fama da shi. Amma ka lura, abin da kake nema shi ma rabon nauyi ne. Shirin GES da aka fara a 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, tsarinsa ke nan: manomi ya biya rabi, tarayya da jiha su raba rabin, a turo saƙo ta waya ya je ya karɓi buhu biyu. Bayansa aka yi shirin taki na shugaban ƙasa da haɗin gwiwar Maroko, buhu a kan naira 5,500. Ina suke yau, kuma nawa buhu yake a kasuwa? Tarihin rabon taki a ƙasar nan, in ana maganar karkatarwa da 'yan siyasa da 'yan kwangila, ai ya fi na dashen itace kauri. Me ya sa ɓarna ta zama dalilin kashe shirin gyaran gona, ba ta zama dalilin kashe na taki ba?

Kuma ko an kawo shi a kan kari, akwai abin da ba zai iya ba. Yawancin ƙasar Kano jigawa ce mai rairayi. In babu ruɓaɓɓen abu a cikinta, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe sinadari, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya wanke abin da ka barbaɗa. Kowane manomi zai gaya maka takin gida na yin damina biyu ko uku yana aiki, na zamani kuwa ɗaya ce, kuma sun fi kyau in an haɗa. Masanan cibiyoyin binciken noma na Samaru da na IITA da ke nan Kano abin da suke faɗa ke nan shekara da shekaru. Shugabannin Afirka ma sun gano: taron da suka yi a Abuja a 2006 na taki ne zalla, suka sa burin kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, ba a cimma ba, da suka sake zama a Nairobi a 2024, sai da suka haɗa da lafiyar ƙasa a sunan taron. Zuba takin zamani a matacciyar gona ɗiban ruwa ne da kwando.

Inda ya kamata mu haɗa ƙarfi ni da kai shi ne a kan yadda ake rabon. Shirin Fadama ya isa darasi. Na farko, daga 1993, ya cika fadamun Kano da rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa. A na biyu, wanda Kano ba ta ciki, an nemi manoma su kawo kashi 40 cikin 100 na kuɗin kayan aiki, daga baya aka rage zuwa 30, kuma masu binciken da suka auna shirin sun nuna cewa mafiya talauci sun sha wuyar haɗa nasu kason. Haka abin yake a ko'ina: in aka ce kason manomi sai tsabar kuɗi, to mai kuɗi ne zai shiga, ɗan kasuwa ya kafa ƙungiyar manoma ta dare ɗaya ya kwashe. Ko Amurka, wadda guguwar ƙurar shekarun 1930 ta tilasta wa kafa hukumar kare ƙasa a 1935 da fara biyan manoma a 1936, ta san wannan. Shirinta na EQIP, wanda aka kafa a 1996, yana ɗaukar har kashi 75 cikin 100 na kuɗin aikin, ga masu ƙaramin ƙarfi da sababbin manoma har kashi 90, su kuma ana iya ba su rabin kuɗin tun kafin su fara; sauran jama'a sai an zo an duba aiki a biya. Can ma ana ƙorafin manyan gonaki na cin kaso mai tsoka. Amma in ƙasar da manominta ke da tarakta da inshora ta ga bai dace a bar manomi shi kaɗai ba, da wane ido za mu kalli mai kadada ɗaya da jaki a Gezawa mu ce ya ji da kansa?

Abin da nake so mu nema shi ne a lissafa gumin manomi a matsayin kasonsa. Ya tona, ya jera, ya yi shinge, gwamnati ta kawo abin da sai an saya. Kada a ƙara biyan kowa kuɗin tsiron da aka dasa; a biya kuɗin itacen da aka tarar da rai bayan damina uku, a kuma biya wanda ya yi renonsa, ba wanda ya kawo shi a mota ba. Wannan kaɗai ya isa ya kori rabin 'yan kwangilar. Mai gonar aro ko haya, kafin a sa shi a shiri, a zaunar da shi da mai gonar gaban dagaci a rubuta cewa ba za a karɓe ba sai bayan shekaru kaza. A tuna da mata, domin yawancin awakin da ke samar da takin nasu ne, amma da wuya ka ga sunansu a takardar rabo. Sunayen waɗanda suka amfana da adadin abin da kowa ya samu kuwa, a manna a ƙofar gidan dagaci, a karanta a rediyo; mutanen ƙauye sun san wanda ke da gona da wanda ba shi da ita.

Mu kuma 'yan birni mu koma biyan namu. Shara mai ruɓewa da ke fita daga kasuwannin 'Yan Kaba da 'Yan Lemo da Kurmi da Rimi da mayanka, da kashin dabbobin da ke kara, dukiya ce da muke biyan kuɗi a kwashe a zubar, ko mu bari ta toshe Jakara da magudanai, damina ta zo ruwa ya shigo mana ɗaka. In hukumar kwashe shara da ma'aikatar gona suka haɗa kai aka ware ta daga leda, aka ruɓar da ita a bayan gari, gwamnati ta ɗauki rabin kuɗin mota zuwa ƙauye, manomi zai biya sauran da murna, domin yanzu ma yana biyan kuɗin wadda ke cike da leda. Samari za su samu aiki, kwata za ta numfasa. Ga Jami'ar Bayero mai cibiyar nazarin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, wadda za ta iya auna takin ta tabbatar babu gubar masana'antu a ciki.

Malam, kuɗin sun riga sun shigo. ACReSAL na da wa'adin shekara shida, kuma ya yi nisa. An kuma kawo shirin noma da kiwo na KSADP mai dala miliyan 95 daga Bankin Musulunci da abokan haɗin gwiwarsa. Kiran a janye hannu ba zai mayar da ko dala ɗaya ba, sai dai ya ba masu rabon uzurin cewa jama'a ba su damu ba. Ka janye wannan kira, ka kawo alƙalaminka mu rubuta wa kwamitin aikin gona da na muhalli na Majalisar Dokokin Jihar Kano, mu nemi a buga sunayen ƙauyukan da aka yi wa aiki, da hekta nawa aka gyara, da itace nawa ke raye, da nawa manomi ya kawo, nawa gwamnati ta cika. In ka rubuta, sa hannuna na biye da naka.